Darasi: Daidaita Haske da Launin Sikirin ɗin Tabulet Kafin Gyaran Hoto

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bayyana dalilin da ya sa hoto ɗaya yake fitowa daban a na'urori daban-daban;
2. saita hasken tabulet ɗinsa daidai da ɗakin da yake aiki a ciki;
3. gane saitunan da ke canja launi ba da saninsa ba, ya kuma kashe su;
4. karanta jadawalin haske na hoto;
5. fitar da hoto ta yadda zai isa hannun mai shi ba tare da ya sauya kama ba.

1. Abin da ido ya gani shi hannu ke gyarawa

Tabulet ta samu shiga sosai wurin masu ɗaukar hoto da masu sayar da kaya ta intanet. Ta fi waya faɗi, ta fi kwamfuta sauƙin ɗauka, batirinta kuma yana riƙe mutum sa'o'i da yawa ko da an ɗauke wuta. Da manhaja irin su Lightroom ko Snapseed, mutum yana iya gama aikin hoton suna ko na biki yana zaune a kan tabarma.

Sai dai akwai matsalar da kusan kowane sabon hannu yake cin karo da ita. Zai zauna ya gyara hoto har ya gamsu, ya tura wa mai shi ko ya kai wurin wanki, sai hoton ya fito da duhu, ko farar shaddar ango ta koma shuɗi-shuɗi, ko jan atamfa ya koɗe. Nan da nan sai a ɗora wa firinta laifi, ko a ce wayar wancan ce ba ta da kyau. Galibi kuwa laifin yana jikin sikirin ɗin da aka yi aikin a kansa.

Sikirin shi ne sikelin mai gyaran hoto. Idan allurar sikeli ta riga ta karkata tun kafin a ɗora kaya, duk wanda aka auna wa zai tafi da ragi ko ƙari, mai awo kuma ya rantse daidai ya auna. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga nan shi ne, kuskuren sikirin yana shiga cikin hoto ne a juye. Sikirin mai yawan haske yana sa mutum ya rage hasken hoto, hoton ya fita da duhu. Sikirin da ya karkata zuwa rawaya yana sa ya ƙara shuɗi. Sikirin mai zuzuta launi yana sa ya rage launi, hoton ya fita a koɗe. Sauran darasin nan bayani ne a kan yadda ake toshe waɗannan ƙofofi uku.

2. Yadda sikirin ke haɗa launi

Duk hoton da ke kan sikirin tarin ƙananan ɗigo ne, kowanne yana ɗauke da haske kala uku: ja, kore da shuɗi. A hoto na yau da kullum, kowace kala tana da lamba daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun suna kan 0, ɗigon baƙi ne. Idan duka suna kan 255, fari ne tas. Idan lambobin uku sun zo daidai da juna a tsakiya, misali 128, 128, 128, sai a samu ruwan toka. Haɗa 256 sau 256 sau 256 yana ba da launi fiye da miliyan 16.

> AKWATIN KALMA
> Fiksel: ɗigo ɗaya daga cikin miliyoyin ɗigon da suka haɗu suka zama hoto.
> LCD: sikirin da ke da fitila a bayansa, haske yana ratso ɗigon kafin ya iso ido.
> OLED: sikirin da kowane ɗigo yake ba da haskensa da kansa, yana kuma iya mutuwa gaba ɗaya.

Waɗannan lambobi su ne ainihin hoton, kuma ba sa canjawa idan an tura shi wata na'ura. Abin da ke canjawa shi ne yadda kowane sikirin yake nuna su. A kan OLED, irin wanda ke jikin manyan tabulet na jerin Galaxy Tab S na Samsung da iPad Pro na 2024, baƙi yana fitowa baƙi ƙirin domin ɗigon a kashe yake. A kan LCD kuwa, wanda shi ne a jikin yawancin tabulet masu sauƙin kuɗi, fitilar baya tana ɗan ratsowa, sai baƙin ya yi toka-toka, musamman a ɗaki mai duhu. Kowanne ana iya aiki da shi, muddin mai shi ya san halinsa.

3. Haske: nawa ne ya isa?

Kamfanoni suna gasar yawan haske domin mutane su iya karanta saƙo a cikin rana. iPad ta talakawa tana kai nit 500, iPad Pro ta 2024 tana kai nit 1,000 a aikin yau da kullum. Gyaran hoto ba ya buƙatar ko kusa da haka. Masu aikin hoton da za a buga a takarda sun saba ajiye sikirin ɗinsu tsakanin nit 80 zuwa 120. Dalilin a fili yake: takarda ba ta ba da haske, hasken ɗaki kawai take mayarwa. Wanda ya saba kallon hotonsa a nit 500, duk takardar da aka miƙo masa duhu zai gani.

> AKWATIN KALMA
> Nit: ma'aunin yawan hasken da sikirin yake fitarwa.
> Lukus: ma'aunin yawan hasken da ke sauka a wuri, kamar tebur ko ɗaki.
> Haske mai sarrafa kansa: saitin da ke ɗaga ko rage hasken sikirin gwargwadon hasken wurin da ake.

Mataki na farko shi ne a kashe haske mai sarrafa kansa. Akwai ƙaramar na'urar auna haske a gefen sikirin, kuma da zarar wani ya buɗe labule ko gajimare ya gifta, sai ta motsa hasken. Mai gyara ba zai lura ba, amma hoto na biyar da na ashirin ba za su fito iri ɗaya ba. A tabulet ɗin Samsung ana samun wannan saitin a ƙarƙashin Display, da sunan Adaptive brightness. A iPad an ɓoye shi a wani lungu: sai an shiga Accessibility, sannan Display & Text Size, a gangara ƙasa a samu Auto-Brightness.

Mataki na biyu shi ne gwajin farar takarda. A buɗe shafi fari fat a kan tabulet, a riƙe farar takardar rubutu a gefensa, a cikin hasken da za a yi aikin. A yi ta rage haske har sai farin sikirin da farin takarda sun yi kusa da juna, sikirin ya daina kama da fitila. Wanda hotunansa ba za a buga su ba, a waya kawai za a kalla, yana iya ɗan ɗagawa sama da haka kaɗan. Daga nan sai a lura da inda maɓallin ya tsaya, a riƙa komawa wurin duk ranar aiki.

Misali na ɗaya. Wata tabulet tana kai nit 500 idan an ƙure ta. Mai ita yana son nit 120. Idan aka raba 120 da 500 za a samu kashi 24 cikin 100, wato kusan rubu'in ƙarfinta. Amma a kula: layin da ake ja don ƙara haske ba a raba shi daidai-wa-daida ba, don haka tsakiyar layin ba ya nufin rabin nit. Lissafin yana nuna wa mutum ne cewa abin da yake nema ya yi ƙasa ƙwarai da ƙarshen layin. Takarda ce za ta nuna masa daidai wurin.

Misali na biyu. Wani mai hoto ya ɗauki hawan sallah, jama'a suna jiran hotunansu, sai ya zauna a bakin hanya da tsakar rana ya fara gyara. Hasken rana kai tsaye yana iya kai lukus 100,000, alhali ɗakin ofis bai cika wuce 300 zuwa 500 ba. A irin wannan rana ko ya ƙure haske, da ƙyar yake ganin abin da ke cikin inuwa, sai ya yi ta ɗaga hasken hotunan. Da ya koma gida da dare ya buɗe su, rawunan mahaya sun zama farare fat ba ko lanƙwasa, kwalliyar dawakai ta wanke. Wani abokin sana'arsa kuma ya yi nasa aikin a ɗaki mai duhu, sikirin a ƙure. Komai ya yi masa walƙiya, ya rage haske, da aka wanke hotunan fuskokin mutane suka nutse cikin duhu. Na'urarsu iri ɗaya ce, wurin zama da saitin haske ne suka raba su.

Wurin da ya dace shi ne ɗaki mai matsakaicin haske wanda ba ya canjawa, taga tana gefe, ba a bayan mai aiki ba inda za ta riƙa haskawa cikin gilashi, ba kuma a gabansa ba inda za ta kashe masa ido. Bango mai fenti kore ko shuɗi mai ƙarfi yana ɗan rina abin da ido ke gani, fari ko ruwan toka ya fi.

Akwai abubuwa biyu da ke rage haske a ɓoye. Na farko shi ne yanayin tattalin batir, wanda ke dusashe sikirin don caji ya daɗe. Na biyu zafi ne. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPad don ta yi aiki a yanayin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ta yi zafi da yawa tana rage haske da kanta. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafin bazara yana wuce digiri 40, don haka wanda ke gyaran hoto tabulet na jikin caji a irin wannan lokaci, ya taɓa bayanta. Idan ta ɗau zafi, a cire ta daga riga, a bari ta huce tukuna. A lokacin hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a gilashi tana dusashe baƙi, sai a riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi kafin a fara.

4. Farin da ba fari ba

Idon ɗan Adam yana da wata baiwa wadda a wurin gyaran hoto take zama tarko. Idan mutum ya shiga ɗaki mai fitila rawaya, bayan 'yan mintoci farar riga za ta koma masa fara kamar yadda ya santa, domin ƙwaƙwalwa ta gyara abin da ido ya kawo mata. Haka take yi da sikirin. Idan farinsa ya karkata, ido zai saba, mutum ya ɗauka komai lafiya.

> AKWATIN KALMA
> Kelbin: ma'aunin kalar haske. Ƙaramar lamba tana nufin haske mai ja ko rawaya, babbar lamba tana nufin mai shuɗi.
> D65: farin da aka amince da shi don sikirin, kusan Kelbin 6,500.
> Daidaiton fari: gyaran da ake yi wa hoto domin abin da yake fari a zahiri ya fito fari.

Hasken kyandir yana wajen Kelbin 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700. Rana tsaka tana wajen 5,500. Sikirin da za a yi gyaran hoto da shi ana son ya tsaya a kan 6,500 bai motsa ba. Matsalar ita ce na'urorin zamani suna zuwa da saituna da aka yi musamman don su motsa shi.

A shekarar 2016 Apple ya fito da guda biyu. Night Shift yana mayar da sikirin rawaya-rawaya da dare don rage shuɗin haske. True Tone, wanda ya fara zuwa a iPad Pro mai inci 9.7, yana auna kalar hasken ɗaki ya canja farin sikirin ya bi ta. Duka biyun suna ƙarƙashin Display & Brightness. A Samsung, takwaran Night Shift sunansa Eye comfort shield, a wasu na'urorin Android kuma Night Light. Don karatu da dare suna da daɗi a ido, babu wanda zai ce a raba mutum da su. Amma lokacin gyaran hoto dole a kashe su duka. A kuma duba ko an sa musu lokaci, domin da yawa suna kunna kansu da faɗuwar rana, a hankali, ba tare da wata sanarwa ba. Wanda ya fara aiki bayan la'asar ya kai isha'i, sikirin ɗinsa yana iya canjawa yana tsakiyar aiki.

Yana da kyau a leƙa sashen Accessibility ma. Akwai matatun launi da aka tanada don masu matsalar bambance kala, kuma yaro mai wasa da tabulet yana iya kunna su bai sani ba.

Misali na uku. Wata mai sayar da yadi ta saro shadda fara a Kantin Kwari, ta ɗauki hotonta da rana, sai bayan yara sun yi barci ta samu damar gyarawa. Eye comfort shield a kunne yake. Ta ga shaddar ta yi rawaya kamar tsohuwa, sai ta ja layin daidaiton fari zuwa ɓangaren shuɗi har ta yi mata fari. Da safe ta sa a WhatsApp. Lambobin farin da ya kamata su zama kamar 240, 240, 240 sun koma wajen 220, 235, 250, wato shuɗi ya rinjayi ja. Mai saye ta gani ta yi oda a kan shadda mai ruwan sararin samaniya, aka kai mata fara. Mai kayan ba ta yi niyyar yaudara ba, amma kuɗin mota da ɓacin ran mai saye a kanta suka faɗa.

Da za ta sake, hanya mai sauƙi ita ce ta ajiye farar takarda ko kati mai ruwan toka a gefen yadin lokacin ɗauka. Lightroom da Snapseed duka suna da alama mai kama da bututun ɗiga magani a sashen daidaiton fari. Idan aka ɗora ta a kan takardar, manhaja za ta daidaita lambobin uku da kanta, ba ruwanta da abin da ido ya saba da shi. Bayan nan sai a yanke takardar daga hoton.

5. Launi mai armashi da launi na gaskiya

A kanti, na'urar da launinta ya fi ɗaukar ido ita ta fi jan mai saye. Shi ya sa yawancin tabulet masu OLED suke zuwa a kan saitin da ke zuzuta kala. A Samsung, idan aka shiga Display sannan Screen mode, za a ga zaɓi biyu: Vivid da Natural. Na farkon yana ƙara wa ja da kore ƙarfi. Na biyun yana bin ma'aunin da aka sani, kuma shi mai gyaran hoto yake buƙata. Ranar farko zai ga kamar sikirin ɗinsa ya yi sanyi, ya rasa armashi. Ya yi haƙuri, cikin kwana ɗaya ko biyu ido zai saba. Wasu ƙananan tabulet ba su da wannan zaɓi sam, masu su sai su dogara da gwajin da ke sashe na bakwai.

> AKWATIN KALMA
> Da'irar launi: iyakar launukan da na'ura ko fayil zai iya ɗauka.
> sRGB: da'irar launi ta gama-gari, wadda intanet da yawancin wuraren wankin hoto suke aiki da ita.
> Display P3: da'ira mafi faɗi, tana da ja da kore masu ƙarfi fiye da sRGB.

Kamfanonin HP da Microsoft ne suka tsara sRGB a shekarar 1996, ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 1999, kuma har yau shi ne yaren da kusan kowace na'ura take ji. Display P3 ya samo asali ne daga ma'aunin majigin silima, ya fi sRGB faɗi da kusan kashi 25 cikin 100. iPad Air da iPad Pro suna nuna shi, iPad ta talakawa kuwa a sRGB ta tsaya. Hatsarin da ke cikin faɗin shi ne mutum ya gyara jan lalle ko koren ganye zuwa wani matakin da sikirin ɗinsa kaɗai ke iya nunawa, wayar mai hoton kuma ta kasa.

Masu iPad Pro mai inci 12.9 ta 2021 zuwa sama suna da wata hanya ta daban. Tun daga iPadOS 16 na shekarar 2022 akwai Reference Mode, wanda idan aka kunna shi yake tsayar da fari a kan D65, ya kashe True Tone da Night Shift da haske mai sarrafa kansa a lokaci ɗaya. Na'urori ne masu tsada, ba kowa ke da su ba, kuma wanda ya bi matakan da suka gabata da hannu ya samu mafi yawan amfanin.

6. Jadawalin haske, da hoton ango cikin farar shadda

Ko an daidaita komai, ido yana gajiya. Saboda haka manhajojin gyara suke da wani shaida wanda hasken ɗaki ba ya ruɗarsa.

> AKWATIN KALMA
> Histogiram, ko jadawalin haske: zane mai kama da tuddai da ke nuna yawan ɗigo masu duhu a hagu, matsakaita a tsakiya, masu haske a dama.
> Ƙonewa: idan wani sashe na hoto ya kai 255 ya zama fari fat, ko ya faɗi 0 ya zama baƙi ƙirin, har babu sauran bayani a cikinsa.

Jadawalin yana karanta lambobin hoton ne kai tsaye. Ko a ƙure hasken sikirin ko a rage shi, tuddan ba za su motsa ba. Idan ido yana cewa hoto ya yi haske amma tuddan duk sun taru a hagu, jadawalin ne mai gaskiya.

A nan ne aikin mai hoto a ƙasar Hausa yake da wahalar da ba kowane littafi ke ambata ba. A ɗauki ango baƙi ko wankan tarwaɗa, sanye da babbar riga fara ƙal mai aiki a wuya da aljihu, a tsakar gida da rana. Fuskarsa tana ɓangaren hagu na jadawali, rigarsa tana can ƙarshen dama. Idan aka ɗaga hasken hoton gaba ɗaya don fuska ta fito, rigar za ta bugi bangon dama ta ƙone, aikin da maɗinki ya kwashe makonni yana yi ya ɓace, ya zama farin fili. Idan aka rage don a ceci rigar, fuska ta nutse. Maganin shi ne a bar babban layin haske a inda fuska ta yi daidai, a jawo layin wurare masu haske ƙasa har zaren aikin ya bayyana, a ɗan ɗaga layin inuwa kaɗan. Ana yi ana kallon jadawali, kada tudu ya jingina da bangon dama ko na hagu.

Batun fata yana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, wuraren wankin hoto suna daidaita injinansu da wani kati na kamfanin Kodak da aka fi sani da katin Shirley, mai ɗauke da hoton farar mace. Sai a shekarun 1990 kamfanin ya fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Shekaru da dama ke nan injin bai san baƙar fata a matsayin ma'auni ba. Yau ma'aunin yana hannun mai tabulet, kuma abin takaici ne a ga wasu suna ɗaga haske har amarya ta koma wata wadda danginta ba su gane ba. Baƙar fata tana da sheƙi da zurfin launi da suka cancanci a fito da su yadda suke. Sikirin da aka daidaita shi ne ke ba mai gyara damar ganinsu tun farko.

7. Fitar da hoto da gwada shi

Idan an gama, a fitar da hoton a sRGB. Lightroom yana ba da zaɓin da'irar launi a wurin fitarwa, kuma in ba mai wanki ne ya nemi wata da bakinsa ba, sRGB ce mafi aminci. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba. A 2023 ya ƙara zaɓin HD, amma hoton da za a kai wanki gara a tura shi a matsayin fayil, ta nan ne yake isa yadda aka fitar da shi.

Saura gwaji, wanda kowa zai iya yi ko da wace irin tabulet gare shi. A zaɓi hoto ɗaya mai ɗauke da fuskar mutum, farin tufafi, wani abu baƙi da kala mai ƙarfi. A tura shi wayoyi biyu ko uku na mutanen gida, a jera su a kalla. Ba za su zo ɗaya ba, amma idan duka suka nuna duhu, to sikirin ɗin mai gyara ne ya yi yawan haske. Sannan a wanke shi ƙarami a wurin da aka saba kai aiki, a riƙe shi kusa da taga da rana, a kwatanta da tabulet. Kuɗin kati ɗaya ya fi sauƙi a kan sake wanke albam guda. Wanda ya manna wa sikirin ɗinsa leda mai garas-garas irin ta masu zane, ko gilashin hana leƙe, ya yi wannan gwaji da kyau, domin duka biyun suna rage ƙarfin baƙi da haske.

Aikin aji

Kowane mai koyo ya buɗe hoto ɗaya a tabulet ko wayarsa. Ya gyara shi sau ɗaya da haske a ƙure da saitin dare a kunne, ya ajiye. Ya kashe saitin, ya yi gwajin farar takarda, ya sake gyara ainihin hoton. A jera biyun a nuna wa abokin zama, shi kuma ya faɗi bambancin da ya gani.

Tambayoyin bita

1. Me ake nufi da cewa kuskuren sikirin yana shiga hoto a juye? Kawo misali biyu.
2. Waɗanne lambobi ne suke ba da baƙi, fari da ruwan toka a fiksel?
3. Mene ne bambancin LCD da OLED wajen nuna baƙi?
4. Me ya sa masu buga hoto a takarda suke ajiye sikirin tsakanin nit 80 zuwa 120?
5. Wata tabulet tana kai nit 400. Kashi nawa cikin 100 na ƙarfinta ne nit 100? Me ya sa wannan amsa ba ta isa ta nuna inda za a tsayar da layin haske ba?
6. Bayyana yadda ake gwajin farar takarda.
7. Ambaci saituna uku da ya kamata a kashe kafin gyaran hoto, da abin da kowanne yake yi.
8. A misali na uku, me ya sa shaddar ta fito shuɗiya a wayar mai saye? Me mai kayan za ta yi a gaba?
9. Idan tuddan jadawalin haske sun jingina da bangon dama, me ya faru da hoton?
10. Wace da'irar launi za a zaɓa don hoton da za a tura ta WhatsApp, kuma don me?